Amsa ga ɗan'uwan da za a yi wa maiɗakinsa tiyatar haihuwa a Ingila

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka, inda ka ce an sa wa maiɗakinka ranar tiyata a mako na 39 saboda yaron ya zauna, kansa bai juyo ƙasa ba, kuma daga kai sai ita a Ingila, shi ya sa kake son sanin abin da za ka tarar. Allah ya raba lafiya. Sau biyu aka yi wa iyalina wannan aiki a ƙasar nan, na farko cikin gaggawa bayan naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, na biyu kuwa da shiri kamar naku, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Kafin komai za ka fara da waya daga gida. A wurinmu idan aka ce an yi wa mace aiki, da murya ƙasa-ƙasa ake faɗa, domin galibi sai ta kwana biyu tana naƙuda, ta galabaita, sannan a kwashe ta zuwa asibiti, shi ya sa mutane suka haɗa tiyata da bakin kabari. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan haihuwa 3 cikin 100 ne kawai ake yi ta wannan hanya, alhali a Ingila sun haura ɗaya cikin uku. Za a ce maka a ƙara haƙuri, a sha rubutu, wata ma za ta ce matan yanzu ragwaye ne. Ka karɓi addu'a da hannu biyu, ka gode, amma kada ka bari maganar ragwanta ta isa kunnen maiɗakinka. Idan kuma naƙuda ta taso ko faya ta fashe kafin ranar da aka sa, ba jiran ranar za ku yi ba, ka kira lambar sashen masu haihuwa da ke cikin takardunta na awo nan take.

Abin da ya fi ba ni mamaki a karon farko shi ne ba ni ne mai sa hannu ba. Na gyara tsayuwa na miƙa hannu zan karɓi takardar amincewa, kamar yadda na ga ana yi a gida, sai likita ta wuce ni ta miƙa wa mai jikin. A dokarsu mace baliga mai hankali ita kaɗai ce ke amincewa ko ta ƙi, miji ba shi da wannan hurumi ko kaɗan. Saboda haka ku zauna tun yanzu ku tattauna abin da za a karanto mata: zubar jini da yiwuwar ƙarin jini, kamuwar wurin ɗinki da ƙwayoyin cuta, daskarewar jini a jijiya, da raunin mafitsara wanda ba kasafai yake faruwa ba. Idan Turancinta bai nuna ba, ku nemi tafinta tun kafin ranar, kyauta ne, kuma sun fi son nasu tafintan a kan miji ya riƙa fassara. Wani lokaci ungozoma za ta ce ka ɗan ba su wuri. Kada ranka ya ɓaci, kowace mace ake tambaya a keɓe ko tana zaune lafiya a gidanta, ba kai aka zarga ba. Game da likitoci maza kuwa, kuna iya neman mace, za su rubuta, amma ba za su yi muku alkawari ba, domin wanda ke bakin aiki a ranar shi zai yi.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar za a ɗebi jininta, a ba ta ƙwayar rage tsamin ciki da za ta sha da dare da kuma da safe, a ce ta daina cin abinci kamar awa 6 kafin lokacin, ruwa zalla kuma za su faɗa mata lokacin da za ta tsaya. Kai dai ka karya kumallo sosai, amma ba a gabanta ba. An ce mu zo ƙarfe 7 na safe, ba a shiga da mu ba sai bayan azahar, saboda duk mai gaggawa da ta zo ita ake fara ɗauka.

Za a ba ka riga da wando na asibiti da hula, ka canja. Ɗakin tiyatar yana da haske da sanyi, kuma za ka tarar da mutum takwas ko goma, wanda ba alamar matsala ba ce, haka tsarin yake, kowa zai faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara. Za a zaunar da ita a bakin gado ta rungumi matashi ta lanƙwasa bayanta, a yi mata allurar baya wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa, tana farke tana jin duk abin da ake faɗa. Likitan allurar zai fesa mata wani abu mai sanyi yana hawa da shi daga cinya zuwa ƙirji yana tambayarta inda ta fara jin sanyin, ba za a sa wuƙa ba sai ya gamsu. Sai a sa mata robar fitsari, a ɗaga labule a kan ƙirjinta, a ajiye maka kujera a wajen kanta. Wurinka ke nan, kada ka miƙe ka leƙa, kada kuma ka taɓa wani koren ko shuɗin ƙyalle. Zafi ba za ta ji ba, amma za ta ji ana ja ana dannawa. Iyalina ta ce ji ta yi kamar ana tuƙa tuwo a cikinta. Jikinta zai iya ɗaukar karkarwa har haƙora su riƙa haɗuwa, ta ji tashin zuciya saboda jininta ya sauka, duk daga allurar ne, kuma mutumin da ke tsaye kusa da kai yana da maganinsa a hannu, ka faɗa masa kawai. Ni a wannan lokaci ba wata magana mai ma'ana da na iya, hannunta na riƙe muna ta hasbunallahu.

Cikin kamar minti goma da farawa aka ɗago yaron sama da labule. Sauran minti talatin zuwa arba'in ɗin duk ɗinki ne, domin yankan a kwance yake a ƙasan mara, tsawonsa tsakanin santimita 10 zuwa 20, kuma hawa-hawa ake rufe shi. Idan bai yi kuka nan da nan ba, ko aka wuce da shi wani ɗan gado mai fitila a gefe, ka dake, yaran tiyata sukan fito da ɗan ruwa a ƙirji. Ka gaya wa ungozoma tun da safe cewa kana son yi masa kiran sallah a kunne, sun saba da Musulmi, ni da kanta ta naɗo shi a tawul ta miƙo mini ta ja da baya har na gama. Haka batun mabiyiya: idan kuna son ku tafi da ita ku binne, sai kun faɗa kafin a shiga, in ba haka ba da sharar asibiti za ta tafi.

Na gaggawar daban ne, kuma gara ka san shi ko da ba za ka gamu da shi ba. Bugun zuciyar ɗiyarmu ya faɗi, ungozoma ta danna wani maɓalli, kafin na ankara ɗaki ya cika. Idan rai na cikin haɗari ƙa'idarsu ita ce a fito da yaro cikin minti 30 daga yanke shawara, kuma idan sai an yi allurar barci gaba ɗaya, ba a barin miji ya shiga. Aka bar ni a baranda da takalmanta a leda. Ba wanda ya yi mini bayani sai da aka gama, ba don wulaƙanci ba, babu mai sukuni ne.

To, Malam, duk wannan bai kai awa ɗaya ba, kuma wasu ne ke yinsa. Naka aikin yana farawa ne daga inda nasu ya ƙare. A gida mai jego tana da uwa da gwaggo da ƙanwa, wata na dafa ruwa, wata na riƙe da jariri, wata na dama kunu, har a yi arba'in. A nan duk kai ne su. Bayan kamar awa 12 za a cire robar fitsari a ce ta tashi ta taka, kuma idan komai lafiya kwana ɗaya ko biyu za a sallame ku, wanda mu a wurinmu kamar kora ne. Wasu asibitocin suna barin miji ya kwana a kujera, wasu ba sa bari, ka tambaya tun yanzu. Ba za ta iya juyawa ta ɗauko yaron daga gadonsa ba, kai za ka miƙo mata shi, ka canja masa ƙunzugu, ka riƙe ta zuwa banɗaki.

A nan ne kunyarmu take cutar da mu. Nas za ta zo ta ce yaya ciwo, daga ɗaya zuwa goma, 'yar Hausa tana cije leɓe za ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Su kuwa abin da aka faɗa shi suke rubutawa, sai nas ta wuce gado na gaba da maganinta. Daren farko haka iyalina ta kwana tana hawaye a ɓoye, da na je na yi magana aka nuna mini takarda cewa ita ta ce lafiya lau. Ka gaya mata ta faɗi lambar gaskiya, ta sha maganin a kan lokaci kada ta jira ciwo ya taso. Idan kuma kun faɗi damuwa aka share, ka sake faɗa cikin ladabi, ka nemi shugabar ungozomomin da ke bakin aiki. Rahotannin mace-macen masu haihuwa na Birtaniya sun daɗe suna nuna cewa baƙaƙen mata sun fi farare shiga haɗari, saboda haka naci a wannan wuri ba rashin kunya ba ne.

Mai yiwuwa a sallame ku da allurar hana daskarewar jini ta kwana 10, wasu har mako 6, wadda ake yi a fatar ciki ko cinya kullum, kuma wataƙila kai za ka riƙa yi mata. Kada ku yi wasa da ita, domin gudan jini da ke tasowa daga ƙafa ya toshe huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu jego a ƙasar nan. Sai dai ka sani ana samo sinadarin wannan allura daga hanjin alade. Ni sai da muka yi kwana uku na karanta a takardar cikin kwalin, hankalina ya tashi. Malamin da na tambaya ya ce babin lalura ne, muka ci gaba. Idan abin zai dame ku, ku tayar da maganar a wurin likita da malaminku kafin ranar, kada ku yanke allurar da kanku. Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, zazzaɓi, wurin ɗinki ya yi ja ko ya fara ruwa da wari, ciwon kai mai tsanani, jini ya jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, duk na kiran asibiti ne a take. Numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya riƙe kuwa, lambar agajin gaggawa ta 999 za ka buga.

Za a bugo daga gida a tambaye ka ko ta fara wankan jego. Ruwa mai ɗumi ta yi wanka da shi, a tsane wurin ɗinkin da tawul mai tsabta, amma tafasasshen ruwa da ganye da gasa ciki ba nata ba ne yanzu. Kunun kanwa ma ni ban ba da shi ba, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kunun gyaɗa da farfesu da ruwa mai yawa sun wadatar, kuma ka koyi dafa su tun yanzu, ka cika firiza. Jinin biƙi zai zo mata kamar kowace mai haihuwa, har zuwa mako shida. Kada ta ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi, tuƙi kuma sai ta warware, galibi wajen mako shida. Ungozoma za ta zo gida washegarin sallama, ta dawo rana ta biyar ta ɗebi ɗigon jini a dugadugin yaro ta duba ɗinki.

Hutun uba na doka mako biyu ne kacal, ba ya isa, don haka idan kana da hutun shekara ka haɗa da shi. Idan kuna son surukarka ta zo, bizar ziyara tana ba da har wata shida, amma ba a samunta a kwana biyu. Rajistar haihuwa a Ingila cikin kwana 42 ake yi, ba abin gaggawa ba ne. Suna kuwa rana ta bakwai zai faɗo, lokacin da ko miƙewa tsaye sosai ba ta iya yi. A na farko na biye wa zumuɗi na tara jama'a a falo, ta wuni a zaune tana amsa barka, da dare sai da muka koma asibiti. A na biyu kuɗin rago na aika Kano aka yanka aka raba, na kira mutum huɗu bayan sallar asuba aka yi addu'a aka raɗa suna, walima kuma muka ɗaga sai bayan arba'in.

Ranar sallama ka zo da kujerar jariri ta mota, ka koyi ɗaura ta tun a gida, domin ni a filin ajiye motoci na tsaya ina kokawa da ita cikin ruwan sama. Ka zo mata da doguwar riga mai faɗi wadda ba za ta taɓa mara ba, da ƙaramin matashi da za ta dafe a kan ɗinkin, sannan ka bi hanyar da ba ta da yawan tudun rage gudu ko da ta fi nisa. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu.