Tambaya da Amsa: An ce an saka kwamfuta a meri, to mi ya canza?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni daga Tahoua nike rubuto maka. Takardar haihuwar ɗiyata ta ɓace, ga jarrabawar BEPC ta matso kuma lakkol sun ce sai da ita. Na tahi meri har sau ukku, yau a ce babu wuta gobe a ce rezo ne, daga baya ma wani ya koma yana buɗa tsohon rajista da hannu. To ina amfanin kwamfutar da ake ta faɗi a rediyo?

Amsa: Hajiya sannu da ɗawainiya. Kwamfuta abin da aka zuba mata shi take maidowa, ɗiyar da ta kai BEPC kuwa an haife ta tun ana rubuta komi da biro, in ba a kai ga shigar da rajistan shekararta ba dole a koma ma littafi, shi ne kika ga ana buɗawa. Kuma wallahi ki gode Allah littafin na nan, gara da ruwan damina sun ci da yawa.

Ni a ganina inda abin ya yi amfani shi ne jariran yanzu. Dokar eta sibil, wato rajistan haihuwa da aure da mutuwa, ta 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kyauta, a likita ko wajen mai rubutawa a ƙauye, in sunan ya shiga na'ura tun ranar to ko takarda ta ɓace a sake hiddo ta ba wahala. Wanda ya bari kwanakin suka wuce kuwa kwamfuta ba ta yi mashi komi, sai ya bi ta gidan shari'a da shaidu alƙali ya ba da hukunci.

Zancen wuta da rezo kam gaskiyarki, lokacin zahi in wutar NIGELEC ta ɗauke kuma babu sola, ma'aikaci zaune kawai yake. Wata matsalar da ba a cika faɗi ba ita ce rubutun suna, Aïchatou a nan Aïssatou a can, harafi ɗaya ko biyu su sauya na'ura ta ce ba ta san ta ba.

Ki fara leƙa lakkol ɗin firamaren da ta yi, galibi suna aje kofin takardar haihuwa a dosiye, lambar takardar da shekara kawai kike so. Ki kai su merin da aka rubuta ta tun farko, da kuɗin tambur a hannu, kuma kafin ki hita ki sa ɗiyar ta karanta sunanta da ranar haihuwa harafi harafi.