Shawarar da Ba ta Jin Saiƙo

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya yi wata biyu idonsa rawaya, fitsari kamar shayi, ga ƙaiƙayi. Gwajin ciwon hanta bai nuna komai ba, amma ekografi, wato hoton ciki, ya nuna bututun matsarmama ya kumbura. An ce mu je Yawunde a zura masa kyamara ta baki a duba cikinsa, baffanninmu kuwa sun ce a sayi saiƙon shawara. Kuɗinmu na saniya ɗaya ne. Ina za mu sa su? — Wata 'yar'uwa daga Garwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ku sa kuɗin a kyamara.

Bututun matsarmama da na fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai fitar da ruwan narkar da abinci) suna haɗuwa a wata 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin farkon ƙaramin hanji. Ƙari ko bai kai gyaɗa ba yana iya toshe ta, ruwan ɗaci ya koma jini. Shi ya sa ido ke rawaya, bayan gida ya yi fari-fari. Saiƙo ba ya buɗe ƙofar. Abin da ke yaudarar mutane, rawayar kan lafa ta dawo, sai a ce magani ya ci.

Toshewar tana iya zama tsakuwa ce kawai. In ƙari ne, akwai wanda bai zama daji ba tukuna, ana iya yanke shi ta kyamarar nan ba tare da tsaga ciki ba. In ya riga ya rikiɗe, sai babbar tiyatar da ake kira da sunan Allen Whipple, likitan Amurka da ya bayyana ta a 1935: a cire kan fankiriyas, da matsarmama, da wani yanki na hanji. Dajin wannan ƙofa ya fi na fankiriyas kansa jin tiyata, don yana tona kansa da wuri.

Ku nemi a gutsuro tsokar a auna, ku kuma sani gutsuren sama yakan ce lafiya alhali daji na ƙasa. In an sa masa ɗan bututu a ƙofar don ruwan ɗaci ya wuce, ido ya washe, kada ku ɗauka warkewa ce, hanya kawai aka buɗe.

Kafin ku hau jirgin ƙasa a Gaundare, ku buga waya ku tabbatar na'urar na aiki, ku riƙe duk takardun gwaji. In zazzaɓi da rawar ɗari suka haɗu da rawayar, kada ku jira ranar tafiya, ku kai shi asibiti mafi kusa a daren.