Ka zauna a Kaduna, amma ka fara neman mai saye kafin jari

Ƙanena, ka ce ka gama bautar ƙasa, kana Kakuri, kana tunanin ko ka tafi Legas neman aiki ko ka tsaya ka kafa naka, tunda garin ya mutu tun da masaƙu suka rufe. Ni dai shawarata ka tsaya. Ina da ƙaramin kamfanin ɗinkin kayan makaranta a kudancin Kaduna, don haka abin da na gani zan faɗa maka.

Da farko ka cire rai da dawowar zamanin da. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta tsaya a 2007. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri ne suka durƙusar da su, kuma matsalar wutar tana nan har gobe. Haka masana'antun Bompai da Sharaɗa suka sha a Kano. Babu wani attajiri da zai zo ya ɗebi mutum dubu goma rana ɗaya. Abin da zai yiwu shi ne irinku ɗari su ɗauki mutum biyar-biyar.

Kuma masaƙun nan sun bar mana gado, wato mutane. Wanda ke gyara mana kekunan ɗinki tsohon makaniken masaƙa ne, ya haura sittin. Ya kan kara kunne jikin keke yana gudu, ya ce ƙugiya ce ta goce, ya kunce ya saita kafin shayinsa ya huce. Shi ya koya mini shimfiɗa yadi hawa-hawa a yanka lokaci guda, ƙyallen da muke zubarwa ya ragu sosai. Irinsa suna nan birjik a Kakuri da Nasarawa da Makera, wasu gadi suke yi, wasu acaɓa. Kai kana da lissafi da kwamfuta da iya rubuta takardar neman kwangila, su suna da hannu. Ka je da ladabi, ka ce Baba a koya mini, kuma ka biya su haƙƙinsu.

Inda matasanmu ke tuntuɓe shi ne fara neman jari kafin su san wa zai saya. Ni makarantar farko da na samu, shugabarta ta ba ni rabin kuɗi a watan Agusta, da shi na sari yadi a Kantin Kwari, na kai kaya kafin a koma a Satumba. Kuɗin mai saye ba ya da ruwa, kuma shi ke tabbatar maka ana son abin. Ka zaga makarantu, asibitoci da gidajen burodi, ka tambaye su me suke sayowa daga Legas ko Aba wanda za a iya yi a nan.

Tallafi akwai. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000 tun 2015, amma masu nema sun yi yawa, kar ka jingina da ita. Dokar sababbin kamfanoni ta 2022 ta fi karkata ga masu fasahar zamani. Idan nan ka dosa, ka leƙa CoLab, cibiyar masu fasahar zamani a nan Kaduna.

Ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun kamfani daban da aljihunka, don 'yan'uwa za su zo da buƙatu kuma ba za ka iya hana su ba. Kuɗin wuta kuwa, ka sa shi cikin farashi tun ranar farko, kamar kullum janareta za ka tayar. Ribar farko da ta shigo, ka sa sola ko da na keke biyu ne, kafin ka yi tunanin kama shago a bakin titi.