Hutun Kwana Bakwai a Kan Teku: Amsa Ga Mai Tambaya Daga Gombe

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne a nan Gombe. Babban ɗana yana aiki a Dubai, kuma bana ya ce sai ya hutar da mu. Ya kama mana wuri a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, kwana bakwai a kan teku: a tashi daga Dubai, a taɓa Abu Dabi da Doha da Maskat, a dawo. Ni da mahaifiyarsa za mu je, da ƙanwarsa mai shekara 17 da autanmu mai shekara 14. Kafin alƙalami kawai ya bayar, bai gama biya ba. Da ya turo hotuna sai na ga jirgin har da mashaya da gidan caca da wurin ninƙaya a fili. Wani abokina a kasuwa kuma ya ce akwai hadisin da ya hana hawa teku sai don hajji ko umara ko yaƙi. Uwargida ta ƙwallafa rai. Mu je ko mu haƙura? In mun je, yaya za mu yi da salla da abinci?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ɗan da ya samu ya tuna da iyayensa abin a gode wa Allah ne, don haka duk abin da za ka ji a nan kada ya sa ka yi masa faɗa.

Mu fara da maganar abokinka. Hadisin da yake nufi yana nan, Abu Dawuda ya ruwaito shi, amma malaman hadisi sun raunana shi, ba a kafa haramci a kansa. Abin da ya tabbata ya saɓa masa. Allah yana cewa a Suratul Jasiya, aya ta 12, shi ne ya hore mana teku domin jirage su gudana a cikinsa da umarninsa, kuma domin mu nemi falalarsa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya ce wa Annabi (SAW): muna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in mun yi alwala da shi ƙishi zai kama mu, ko za mu iya alwala da ruwan teku? Annabi bai ce masa me ya kai ku ba. Cewa ya yi ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da waɗanda suka yi hijira zuwa Habasha ta jirgi suka tsallaka. Kakanninmu ma da suka riƙa tafiya Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, in sun isa gaɓar Bahar Maliya jirgin ruwa ne ke kai su Jidda.

Gaskiya ne Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya kai runduna ta teku, sai a zamanin Sayyidina Usman aka yi izini har aka je Kubrus. Amma dalilin Umar tsoron halakar musulmi ne a jiragen katako na lokacin. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka rataya hukuncin a kan abu biyu. Shehu Halil, a babin hajji na Muhtasar, ya ce teku kamar tudu yake, sai in halaka ta fi rinjaye, ko kuma jiri da amai za su sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla. Game da mace ya ce an karhanta mata hawa teku, sai in tana da wuri nata keɓantacce. Ku kuwa ɗaki za a ba ku mai ƙofa da makewayi, to wannan karhancin ya faɗi.

Hatsari kuma bai rinjaya ba a jiragen yau, ko da yake ba a rasa shi. Titanic ta nutse a 1912 da mutum sama da 1,500, kuma bayanta ne ƙasashe suka yi yarjejeniyar kare rayuka a teku. A Janairun 2012 Costa Concordia ta daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu. A 2020, lokacin korona, an tsare Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan, sama da mutum 700 suka kamu. Duk da haka, in za mu yi wa kanmu adalci, wanda ke bin hanyar Gombe zuwa Bauchi da dare a motar haya ya fi fasinjan irin wannan jirgi kusa da hatsari. Abu ɗaya: atisayen da ake tara fasinjoji kafin tashi, a nuna musu rigar ceto da inda za su taru, halartarsa wajibi ne a kanku, domin kiyaye rai ne. Mu da ke ganin yadda ake cika kwale-kwale a kogunanmu babu ko rigar ceto ɗaya, mun san abin da sakaci ke haifarwa.

Hutu ma ba laifi ba ne. Da Hanzala ya zargi kansa da munafunci don yana shagala da iyali in ya bar majalisin Annabi, amsar da ya samu ita ce: sa'a da sa'a, wato lokacin ibada da lokacin iyali, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wanda ya kwashi iyalinsa zuwa Yankari ko bakin dam ɗin Dadin Kowa babu mai ce masa ya yi saɓo. Wanda kuma ya tsaya a tsakiyar teku, ba tudu gabas ba tudu yamma, ya ga ƙanƙantar kansa, ya samu abin da littafi ba zai ba shi ba.

To ina matsalar take? Tana cikin hotunan da aka turo maka.

Alhaji, wannan ba jirgi ba ne irin wanda malaman da can suka yi magana a kansa, wanda ake hawa don a tsallaka. Gari ne sukutum aka ɗora a kan ruwa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024 daga Miami ta Amurka, tsawonsa ya kai mita 365, ya fi filin ƙwallo uku, kuma in ya cika maƙil, fasinja da ma'aikata sun doshi mutum 10,000. Naku ko bai kai shi ba, tsarin ɗaya ne. Jirgin shi ne wurin hutun, garuruwan da ake taɓawa ƙari ne. Kamfanonin kuma ba daga kuɗin tikiti kaɗai suke cin riba ba. Giya da caca suna cikin manyan hanyoyin samunsu, shi ya sa ba a ɓoye su a lungu. Gidan caca galibi a rufe yake in jirgi yana tasha, da an yi nisa cikin teku sai a buɗe, kuma a jirage da yawa sai ka ratsa ta gefensa kafin ka kai wurin cin abinci ko zauren wasa. Benen sama, inda iska da kallon teku suke, nan ne wurin ninƙaya, maza da mata kusan tsirara tun hantsi har rana ta faɗi.

Wani zai ce ai jirgin sama ma ana raba giya, otal ma akwai mashaya, kuma ba a hana mu ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa ya yi wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Tebur aka ambata, ba gari ba, ba ayari ba. Saboda haka ba zan ce duk wanda ya taka irin wannan jirgi ya yi haramun ba, kuma kuɗin da aka biya na ɗaki da abinci da sufuri ijara ce, wato haya, ingantacciya. Amma kwatancin bai cika ba. Jirgin sama buƙata ce ta awoyi kaɗan, ba ka da wata hanya. Otal in ya dame ka kana iya fita ka canza wani. Nan kuwa babu buƙatar da ta kai ka, kuma in an ɗaga ƙarfen tsayawa ba ka da ƙofar fita sai tasha ta gaba. Kai dattijo ne, wataƙila ka iya runtse ido kwana bakwai. Yaro ɗan shekara 14 fa, da aka ba shi katin da ke buɗe masa hawa goma sha, kai kana barcin rana? Budurwa mai shekara 17 fa? Allah ya ce ku kare kanku da iyalanku daga wuta, a Suratut Tahrim, aya ta 6, kuma kai aka ɗora wa kiwon nan.

Ga abin da nake gani. Wanda ya san kansa, ya san in ya shiga zai sha, ko ya taɓa caca, ko ya saki idonsa, ko salla ta kuɓuce masa, tafiyar haramun ce a kansa, domin hanyar haram haram ce. Wanda ya amince da kansa, zai iya kauce wa waɗannan wurare, tafiyarsa makaruhi ce, barinta ya fi. Kai kuma da za ka tafi da matasa biyu, ban ga maka wannan jirgin ba. Tunda kafin alƙalami kawai aka bayar, a canza.

Kuma akwai abin canzawa. A Disambar 2024 Saudiyya ta fara tafiyar da nata jirgin, Aroya, daga Jidda: babu giya, babu caca, abincin halal ne, akwai wuraren salla. Ba talla nake masa ba, kuma ba na ce masallaci ne ba, don akwai kiɗe-kiɗe da wasannin da mai kamun kai zai bari. Amma manyan abubuwan da suka tayar maka da hankali babu su. In yaron ya sami irinsa, ku je, halal ne, Allah ya kiyaye hanya. Uwargida da 'yarka suna tare da kai, maganar muharrami ba ta taso ba.

Ba ka faɗa mini ko uwargida ta sauke farali ba. In ba ta sauke ba, ka nuna wa ɗanka cewa kujerar Makka ta fi wannan kyauta nesa ba kusa ba. Haka in akwai bashin mutane a wuyanka wanda lokacinsa ya yi, a fara da shi.

Sai salla. Ana yin ta a tsaye, da ruku'u da sujada cikakku, domin manyan jiragen nan ba sa tangaɗi sosai, balle a tekun Fasha, inda Dubai da Doha suke. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi ko jiri ya kama mutum, ya dafa wani abu, in ya gagara ya zauna, kamar yadda Annabi ya umarci Imrana ɗan Husaini. Alƙibla wajibi ce, kuma a mazhabarmu in jirgi ya juya kana cikin salla ka juya ka bi alƙibla in da hali. A nan ka kula: mu a Gombe mun saba har muna kiran alƙibla gabas, to a Dubai da Doha Makka tana yamma da kai, faɗuwar rana za ka fuskanta. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa saboda ƙarfen jirgi, sai ka duba talabijin ɗin ɗaki, akwai tashar da ke nuna inda jirgi ya dosa, ko ka tambayi ma'aikata, ba a rasa musulmi a cikinsu. Lokaci kuma na inda jirgin yake ne, ba na gida ba. In so samu ne a karɓi ɗaki mai taga, don ɗakunan ciki ba a gane dare da rana.

Kasaru tana nan a teku kamar a tudu, matuƙar tafiya ta kai mil 48, abin da ya kai kimanin kilomita 80. Malamanmu sun hana ta ga wanda ya fita don saɓo, sun karhanta ta ga wanda ya fita don wasa zalla. Tafiyarku akwai ziyarar ɗa da hutar da iyali, ban sa ta cikin wasa zalla ba, ku yi kasaru. In kun yi niyyar kwana huɗu cikakku a gidan yaron kafin shiga jirgi, a can ku cika. Haɗa salloli biyu kuwa, Malikiyya sun taƙaita rangwamen ga matafiyin tudu, Shafi'iyya da Hambaliyya sun yarda da shi har a teku. Ni ban ga uzurin haɗawa ga mai ɗaki da famfo ba, ba tuƙi yake ba, ba kiwo ba. Juma'a ba ta wajaba a kanku ba, azahar za ku yi, sai dai in ta riske ku a tasha ka sauka ka samu jam'i.

Abinci ba shi da wahala. Duk abin da ya fito daga teku halal ne a wurin Malik, kifi da jatan lande da ƙaguwa, ka ci ka more. Nama kuwa, in ba jirgin da aka tabbatar da halaccin yankansa ba ne, ka bar shi, ko a nemi na halal tun lokacin yankan tikiti. Ka riƙa tambaya game da miya da kayan zaƙi, don turawa suna zuba giya a girki, kuma a wurin ɗiba-da-kanka ka lura da cokalin da ke yawo tsakanin naman alade da sauran kwanuka. A zauren cin abinci akan haɗa baƙi a tebur ɗaya, ka nemi naku ku kaɗai, saboda hadisin Jabir. In an cusa kuɗin shaye-shaye na giya cikin tikiti, a cire shi. Wasan cika lambobi da tikitin sa'a da ake sayarwa da sunan nishaɗi duk caca ne, suna cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida.

In za ka kira yaron, ka fara da sa masa albarka, sa'an nan ka ce masa jirgin kawai kake so a canza, ba tafiyar ba. In kamfanin ya ƙi mayar da kafin alƙalamin, ya bar musu, kai ka rage masa asarar in kana da hali. Ranar shiga kuma ku karanta abin da Annabi Nuhu ya faɗa: Bismillahi majreha wa mursaha, inna Rabbi la Gafurur Rahim.

Wallahu a'alam.