Baje kolin suturar fina-finai a cikin gari: zai yiwu a Jos?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ce a nan Jos, kuma nakan yi wa masu shirya fim ɗinki. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini hotunan wani gari da ake bikin fina-finai, inda aka ɗauko tufafin da jarumai suka sa a fim da shirye-shiryen talabijin aka jera su a tagogin kantuna da otal-otal da ɗakunan karatu. Shin za a iya yin haka a nan, kuma me ake bukata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Za a iya, kuma Jos ta fi yawancin garuruwanmu cancantar ta fara. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, a nan makarantarta ta koyar da aikin fim take tare da ma'ajiyar tsofaffin fina-finai ta ƙasa, ga kuma gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, mai ma'aikatan da suka san yadda ake riƙon tsohon kaya. Bikin fina-finai na Zuma da hukumar ke shiryawa a Abuja ake yin sa, galibi a watan Disamba, amma babu abin da zai hana Jos ta yi nata bajen a daidai wannan lokacin. Amfanin fitar da kayan cikin gari shi ne zauren kallo mutane ƙalilan yake ɗauka, ita kuwa tagar kanti kowa na ganin ta, har wanda bai taɓa tunanin cewa akwai hannun tela a cikin fim ba.

Sai dai samun wuri ba shi ne mai wuya ba, samun tufafin ne. A yawancin fina-finanmu na zamani jarumi da kayansa yake zuwa lokeshin, ko a aro daga kanti, ko a ba tela ya ɗinka cikin gaggawa, da an gama ɗauka kuma kowa ya kwashe nasa. Rigar da miliyoyin mutane suka gani a jikin jaruma sai ta ƙare a wajen biki ko a hannun wata ƙanwa. Lokacin da gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya yi babban bajen suturar Hollywood a 2012, ya tara kaya fiye da 100 ne saboda kamfanoni da masu tarawa sun adana su da sunan fim da na wanda ya sa. Mu inda za a fi samun abin nunawa shi ne fina-finan tarihi da na sarauta, masu babbar riga mai aska takwas, da alkyabba, da kufta, da lifidi da sulke, domin irin waɗannan ba a cika sa su a titi ba, furodusa yakan ajiye su don wani aikin.

Tufar fim kuma ba ɗaya take da ta sayarwa ba, kuma a nan ne masu baje koli suka fi yin ɓarna. Rigar da za a yi faɗa ko a faɗa ruwa da ita, biyu ko uku ake ɗinkawa iri ɗaya don kada ci gaban shiri ya karye. Farar shadda akan rage mata haske don kada ta ƙone hoto, yadi mai siririn ratsi kuma akan guje shi saboda yana rawa a kyamara. Rigar manomi ko ta almajiri sabuwa ake ɗinka ta, sannan a tsufar da ita da gangan: a jiƙa a ruwan shayi, a gurza wuya da gwiwar hannu da samfefa, a shafa jar ƙasa a inda jiki ke gogar ƙasa. Na taɓa ganin wani mai shirya fim ya ba da irin wannan riga an wanke an goge kafin a nuna ta ga baƙi, da kyakkyawar niyya, amma aikin kwana uku ya bi ruwa, abin da ya rage kuwa tsumma ne kawai. Har yau abin yana yi mini ciwo. Kayan fim yadda suka fito daga gaban kyamara ake nuna su.

Babban abin tsoro a tagar kanti shi ne rana. A gidajen tarihi ba a son hasken da ke sauka a kan yadi ya wuce laks 50 (laks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), alhali hasken rana tsaka yana kaiwa dubban laks masu yawa, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Sanyin Jos yana ruɗar mutane a kan wannan, domin garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma ranarsa tana cin launi ko da jiki bai ji zafinta ba. A watan Disamba rana ta ɓangaren kudu take bi, saboda haka tagar da ke fuskantar arewa za a nema, a bar masu kallon gabas da yamma. Ƙurar hunturu tana shiga cikin zaren aiki ta zauna, don haka a toshe kafofin tagar. Idan da damina za a yi, laima da fumfuna ne za su zama matsala, ga asu da ke son ulu da tsamiya. Shawarata ita ce duk abin da ba shi da na biyu a kai shi cikin gidan tarihi, tagogi kuma a ba su kwafin da aka ɗinka na ko-ta-kwana, kuma kada su wuce mako ɗaya ko biyu.

Mutum-mutumin kanti an yi shi ne don kwat da siket, bai dace da babbar riga ba, domin nauyinta duka yana taruwa a kafaɗa har ɗinki ya fara buɗewa. Abin da ya fi shi ne sanda a gicciye, a naɗe ta da auduga da wankakken farin ƙyalle, a zura ta ta cikin hannuwan rigar, ta yadda faɗinta da aikin gabanta za su fito sarai. Wannan yana kuma kawar da damuwar masu kantunan da ba sa son siffa mai fuska a wurinsu. Rawani a kira mai naɗi ya naɗa shi yadda yake a fim. Idan ɗan Kura ne, a sa ƙyalle tsakaninsa da farar riga, saboda shuninsa yana zuba.

Kowace sutura tana bukatar takardar bayani da Hausa da Turanci: sunan fim da shekararsa, wanda ya sa da matsayin da ya fito, hoton fitowar da izinin mai fim, sannan sunan tela da mai aikin hannu da marini. Wannan layi na ƙarshe shi na fi damuwa da shi, domin a allon fim kalmar "sutura" suna ɗaya take ɗauka, alhali hannaye da yawa suka yi aikin. A kuma rubuta yarjejeniya da mai kayan a kan ranar karɓa da ta mayarwa, da wanda zai biya idan wani abu ya lalace.

Kaya goma zuwa goma sha biyar sun isa a fara, a wurare biyar ko shida da mutum zai iya zagawa da ƙafa tsakanin Taminus da titin Ahmadu Bello da gidan tarihi. Ke kuma, Malama, daga aikinki na gaba ki buɗe littafi: ki manna guntun yadin kowace riga, ki rubuta sunan fim da ranar ɗinki da awon jarumi, ki ɗauki hotonta gaba da baya, sannan tun wajen ciniki ki roƙi furodusa ya bar miki kwafi ɗaya idan an gama ɗauka.