Daga Abuja zuwa Gwanzu: ta Doha ko ta Addis, wacce ta fi kusa?

Tambaya: Salam malam. Ina da shago a kasuwar Wuse, ina so in je Gwanzu ta Chana saro kaya karo na farko. Kilomita nawa ne a jirgi? Wani ya ce kar in bi ta Doha ta Qatar wai zagaye ne, in bi ta Addis Ababa ta Habasha. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa a je a sa'a. In aka auna a miƙe ta sama, Abuja zuwa Gwanzu kusan kilomita 11,200 ne, wato kamar ki yi Abuja zuwa Legas a jirgi sau ashirin da ɗoriya. Jirgin dogon zango yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, kin ga ko da babu tsayawa ko'ina sai kin yi wajen awa 13 a sama.

Shi wanda ya ce miki Doha zagaye ne taswirar bango ce ta ruɗe shi, kuma ba shi kaɗai ba, kullum sai na yi wannan musun da fasinjoji a ofis. Duniya ai a dunƙule take kamar lemo, ita kuma taswira an baje ta a takarda ne, shi ya sa hanya mafi gajarta take fitowa a lanƙwashe ta wajen arewa. Ki samu ƙwallo da zare ki gwada da kanki. Abuja zuwa Doha wajen kilomita 5,000, Doha zuwa Gwanzu wajen 6,200, ki haɗa ki gani, kusan a kan layin take ɗas. Ta Addis kuwa wajen 3,500 ne sai kuma 8,000, jimla 11,500. To ashe ma ita ce ta ɗan ɗara, amma kilomita 300 a jirgi minti ashirin ne, bai kai a ɗaga jijiyar wuya ba.

Ni dai abin da zan ce ki zuba wa ido a tikitin shi ne awa nawa za ki zauna jiran jirgi na biyu, don nan ne tafiyar awa 17 take komawa ta kwana guda cur, sai kuma kilo nawa na kaya suka yarje miki, tunda dawowa ba hannu rabbana za ki yi ba.

Sannan agogonsu yana gaban namu da awa 7, kuma lokacin sauka da ke jikin tikiti nasu ne ba namu ba, kar ki lissafa ki tsorata. Dawowa takan ɗan fi daɗewa saboda iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, jirgi da ita yake kokawa. In tafiyar ta faɗo Afrilu ko Oktoba lokacin baje kolin Canton Fair da ake yi a Gwanzu ne, ki yanki tikiti da wuri don kujeru da otal duk tsada suke yi.