Kada kaya ya bar hannunka kafin kuɗi su shigo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Ka ce ka sa salularka a Facebook, wani ya taya jika 65 na sefa ka sallama, ya turo maka hoton shaidar biya, ya aiko ɗan kabu-kabu ya karɓi wayar, har yau kuɗi ba su shigo ba kuma lambarsa a kashe take. Yanzu ga babur da firji kana son sayarwa, kana tsoron a maimaita maka. Kana kuma tambaya ko akwai abin yi a kan na farkon.

Inda aka shigo maka a bayyane yake: kaya ya fita kafin kuɗi su shigo. Kusan duk dabarun masu saye marasa gaskiya a nan suke taruwa, su sa ka saki kayanka a kan wani abu mai kama da kuɗi. Hoton shaidar biya ana haɗa shi a waya cikin minti kaɗan, da sunanka da lambarka da kwanan wata. Saƙon da ke cewa an zuba maka kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash shi ma ana iya rubuta shi da hannu. Fara duba daga ina ya fito: in lamba ce mai alƙaluma 8 irin ta kowa, mutum ne ya rubuto maka. Ko da sunan kamfani ya zo, kada ka tsaya nan. Buɗe asusunka da hannunka, a wayarka, ka ga ragowar kuɗinka ta ƙaru da daidai abin da kuka yi ciniki. Kada ka miƙa wa mai saye wayarka wai ya nuna maka inda saƙon yake.

Haka kodin karɓar kuɗi na kamfanonin aika kuɗi irin NITA ko Amana ko Al Izza. Kodi alkawari ne kawai har sai ka tsaya gaban mai biya ya ƙirgo maka. Zai iya zama na ƙarya, zai iya zama an riga an cire kuɗin, zai iya zama da sunan wani aka aika. In mai saye yana cikin Maraɗi, ku haɗu a bakin ajans ɗin, ka karɓa, ka fito ka miƙa masa kayansa. Duk wanda ya ƙi wannan da hujjar sauri, ko ya ce “rezo ne, zai shigo anjima”, amsarka guda ce: to kayan ma sai anjima. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan magana.

Masu zuwa daga Jibiya ko Katsina sukan ce za su biya da naira ta banki. Ba laifi, amma ku yanke canjin a lokacin cinikin, domin naira ba ta zama wuri guda. In ba ka da asusu a Najeriya, ka kai shi wurin ɗan canjin da kai ka sani, ya tura can, ɗan canjin ya tabbatar sun shiga ya ba ka sefa a hannu. Kada ka yarda da ɗan canjin da shi ya zaɓo.

Akwai dabaru guda biyu da ake yi ta waya kawai. Ɗaya zai ce ya yi kuskure ya tura jika 85 maimakon 65, don Allah ka maido masa 20. Ba abin da ya turo, kai ne za ka tura masa naka. Ɗayan zai ce akwai wasu lambobi da suka shigo wayarka, ka karanto masa don kuɗin su wuce. In alƙaluma 6 ne, WhatsApp ɗinka yake nema ya kwashe, daga nan ya bi 'yan'uwanka yana roƙon kuɗi da sunanka. Karɓar kuɗi ba ta buƙatar ka faɗi wata lambar sirri ga kowa, ko da wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ta mutum uku, kuma a kan babur da manyan wayoyi aka fi yin ta. Ɗan damfara zai kwashi hotunan baburinka ya sa su a wani wuri da farashi mai rahusa, a matsayin nasa. Wani bawan Allah zai gani ya so. Sai ya ce wa wannan: babur yana wurin yarona, je ka gani, in ya yi maka ka turo mini kuɗi. Kai kuma ya kira ka ya ce: ƙanena zai zo ya duba, amma kada ku yi maganar kuɗi, kyauta zan yi masa. Mutumin zai zo, ya duba, ya tura wa ɗan damfara kuɗi a gabanka, sannan ya miƙo hannu ya ce ba ni makulli. Kai ba ka karɓi ko dala ba, shi kuma ya biya da gaske, wanda ya haɗa ku ya kashe waya. Sai rigima ta koma tsakanin mutum biyu da duka an cuce su. Maganinta tambaya uku ga duk wanda ya zo ganin kaya, tun kafin ya taɓa shi: wa ya turo ka, nawa aka ce maka, wa za ka biya. Ka faɗa masa a fili cewa kai ne mai kaya kuma kai kaɗai ake biya. Sharaɗin “kada ku yi maganar kuɗi” shi kansa ya isa ka fasa cinikin. Rubuta lambarka a tsakiyar hotunan da kake sawa, ba a gefe ba inda za a iya yankewa, yana rage wannan sosai.

In kuɗin hannu ne, a ƙirga da rana, a wuri mai haske. Takardun jika 10 da jika 5 su aka fi yi wa jabu. Ɗaga kowace zuwa haske ka ga tambarin BCEAO, bankin da ke fitar da sefa, a cikin takardar, ka karkata ta ka ga zirin da ke ƙyalli, ka shafa ka ji kaushin rubutun; ta jabu takan yi santsi. Ka duba na tsakiyar ɗaurin, ba na sama da na ƙasa kawai ba. Da zarar ka gama ƙirga, kuɗin ba sa komawa hannun mai saye. Wanda ya ce “kawo in sake dubawa” ya miƙo maka, sabon lissafi za ka fara daga farko, domin a nan ake zare takarda biyu ko uku.

Yanzu babur. Kafin ka sa shi kasuwa, ɗauki hoton lambar shasi da lambar inji, ka kwatanta da abin da ke cikin kart giris, wato takardar rajistar babur. Gwaji haƙƙin mai saye ne, amma ba a kan amana ba. Ko ya ajiye kuɗin gaba ɗaya a hannun wanda kuka yarda da shi, ko a gwada a gaban bakaniken da ka sani, a ɗan fili inda ido ke kai wa. Ajiye katin ɗan ƙasa bai isa jingina ba, don ana yawo da katin da aka tsinta, haka tsohuwar wayar da zai bar maka wai zai dawo. Kada ka hau bayansa ya ce ku je bayan gari ya nuna wa yayansa. Babur ƙaramar asara ce a kan abin da ka iya faruwa a can. Ku haɗu a ƙofar shagon wanda ya san ka, ko cikin Babbar Kasuwa, ka tafi da mutum guda.

Takardar sayarwa ba a wasa da ita. A rubuta sunanka da nasa da lambobin katinku, irin babur, lambar shasi da ta inji, farashi, kwanan wata har da sa'a, a sa hannu da shaidu biyu, sannan a kai ma'aikatar magajin gari ko kamisariya a buga hatimi. Kowa ya riƙe tasa. Muddin takardun babur suna ɗauke da sunanka kuma ba ka da shaidar ka sayar, in aka yi haɗari ko aka yi ɓarna da shi, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Mutanenmu suna jin nauyin cewa a rubuta, kamar zargi ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, don haka babu abin jin kunya a ciki.

Sai masu dawo da kaya, kuma a nan ya kamata a yi adalci, don ba duk wanda ya dawo ne macuci ba. In ka san aibi ka ɓoye, yana da gaskiya ya maido, a addini da kuma a al'adar kasuwa. Saboda haka faɗi aibin tun a talla: batir yana saurin sauka, an taɓa canza gilashi, firji yana ɗan ƙara. Farashi zai ɗan ragu, amma ka toshe ƙofar da ake shigowa. Macucin kuwa yakan ɗauki waya mai lafiya ya dawo bayan kwana biyu da wata irinta matacciya, ko da taka amma an cire batir ko gilashi na asali an sa na banza. A babur kuma batir da kabureta da taya ake musanyawa. Abin da ke raba gardama shi ne shaidar da ka tanada tun farko. Danna *#06# a waya, lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15 za ta fito, ɗauki hotonta. Yi bidiyo na minti biyu a gaban mai saye: wayar a kunne, kyamara, lasifika, caji yana shiga, IMEI a fili, kuma a ji muryarsa yana cewa ya gwada ya yarda. Tura masa bidiyon ta WhatsApp nan take don kwanan wata ya zauna a wayoyinku biyu. In ya dawo da ƙorafi, IMEI za a fara dubawa, sannan mai gyaran da kuka yarda da shi ya duba ko an kwance ta ko ruwa ya shiga. Kuma ka cire asusunka na Google ko iCloud kafin ka goge wayar, ka zare sim da katin memori. In ka goge ba ka cire asusun ba, wayar tana iya kullewa a hannunsa, ya dawo da gaskiyarsa.

Firji ya fi kowane kaya jawo irin wannan rigima, kuma sau da yawa ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Kunna shi awa biyu kafin mai saye ya iso, da ruwa a roba a ciki, ya taɓa sanyin da hannunsa ya ji kwampireso yana tashi yana tsayawa. Ka gaya masa, kuma ka rubuta masa: a ɗauke shi a tsaye. In dole aka kwantar da shi a amalanke ko adaidaita, man kwampireso yana gangarawa cikin bututu, don haka a bar shi a tsaye ya kwana kafin a jona. A kuma sa masa na'urar daidaita wuta, domin wuta mai rauni tana ƙona kwampireso. Ku yanke magana a wurin: in za ka ba da kwana ɗaya na gwaji ka faɗa, in babu ka faɗa, a gaban shaida.

Wanda ya fi cin mutane a ganina ba baƙo ba ne, wanda aka sani ne. Abokin abokinka zai ba da rabi ya ce sauran ranar Juma'a, kunya ta hana ka cewa a'a, Juma'a ta zama wata uku, ƙarshe ya ce ai kayan ma ba su da kyau a rage masa. Bar kayan a hannunka. Ya ba da kafin alƙalami, a rubuta adadinsa da ranar cikawa, a kuma rubuta abin da zai faru in ranar ta wuce. Mai saye na Damagaram ko Tawa ko Yamai kuwa, ya biya duka har da kuɗin mota kafin ka kai kaya tasha, ka yi bidiyon ɗaurin kayan, ka riƙe resi. In shi ma yana tsoron ka cuce shi, kuma yana da hujjar tsoro, ya turo wani nasa a Maraɗi ya gani ya biya, ko ka aika wa naka a can su yi hannu da hannu.

Game da wayarka da ta tafi, kada ka goge komai. Adana hirar duka, hoton biyan na ƙarya, saƙonnin murya, lambar da ya kira ka da ita, shafinsa na Facebook tun bai rufe ba, da kwalin wayar in kana da shi, don IMEI na jiki. Nemi ɗan kabu-kabun, da lalama, domin mai yiwuwa aike kawai aka yi masa, kuma shi ne ya san inda ya sauke kayan da fuskar wanda ya karɓa. Daga nan ka kai ƙara kamisariya, ko jandarma in abin ya fita gari. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci a kan zamba ta intanet. Ana rajistar sim da katin shaida, amma irin waɗannan sukan yi aiki da layin da ke ɗauke da sunan wani, saboda haka IMEI da ɗan aiken sun fi lambar amfani. Ka zagaya wurin masu gyara da masu sayar da wayoyin hannu da ka sani ka bar musu IMEI ɗin, don irin wannan waya ba ta daɗewa ba a kai ta kasuwa ba.

Abu guda ka kiyaye: kada zafin rai ya sa ka watsa hoton mutum kana kiransa ɓarawo. Hoton da ke shafin zai iya zama na wani da bai san komai ba, kuma wannan dokar dai ita ce ke hukunta ɓata suna ta intanet. Gyaran da aka yi mata a watan Yuni 2024 ya maido da ɗauri a kan haka. In za ka gargaɗi jama'a, faɗi yadda aka yi dabarar, sauran bayanan ka miƙa su ga jami'in da ke riƙe da ƙararka.